Cututtukan Numfashi na Bairos a Jikin Masu Ciwon Daji: Yadda Mura Ke Zama Barazana Ga Mai Raunin Garkuwa

Murar da ke kama mai cikakkiyar lafiya takan ɗauki kwana biyar zuwa mako guda, ya sha shayi mai citta, ya yi ta atishawa da sharar majina, ta wuce. Wannan ƙwayar cutar dai, idan ta shiga jikin wanda ke karɓar maganin ciwon daji, tana iya gangarowa daga hanci da maƙogwaro zuwa cikin huhu, ta kwantar da shi a asibiti, ta tilasta wa likitoci ɗage lokacin maganinsa, wani sa'in ma ta yi ajalinsa alhali ciwon dajin yana jin magani.

Lamarin ya shafi gidaje masu yawa a Najeriya. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu sabbin masu ciwon daji sama da 120,000 a ƙasar, yayin da kusan 80,000 suka rasu, kuma sankarar mama da ta ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza da ta bakin mahaifa ne ke kan gaba. Da yawa daga cikin waɗanda suka samu damar fara magani za su shiga wani lokaci da garkuwar jikinsu za ta yi ƙasa sosai, kuma a wannan lokacin ne cututtukan numfashi ke samun kafa.

Abin da ke raunana garkuwar

Garkuwar jiki ta dogara ne ƙwarai da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙera su a cikin ɓargo. Iri biyu ne suka fi muhimmanci a wannan batu. Akwai niyutirofil, masu gaggawar kai farmaki ga bakteriya da fumfuna. Akwai kuma limfosait, waɗanda su ne ke gane bairos, su kashe ƙwayoyin jikin da ya shiga, su kuma samar da sinadaran kariya da ke tuna shi idan ya dawo.

Maganin kemo yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji na daga cikinsu, amma na ɓargo da na fatar cikin baki da maƙogwaro da hanji ma haka suke. Shi ya sa adadin fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa bayan kowane zagaye, yawanci ya kai ƙarshen faɗuwarsa tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan ya fara farfaɗowa kafin zagaye na gaba. Likitoci kan ɗauki adadin niyutirofil da ya gaza 500 a kowane maikirolita na jini a matsayin ƙaranci mai tsanani. Sai dai game da bairos, ƙarancin limfosait ne ya fi nuna wanda cutar za ta gangara wa huhu, kuma shi wannan ƙarancin yakan daɗe fiye da na niyutirofil.

Ba dukkan masu ciwon daji ne hatsarinsu ya zo ɗaya ba, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci domin kada a tsorata kowa da kowa a banza. Matar da aka yi wa tiyatar sankarar mama shekaru uku da suka wuce, tana shan ƙwayar daidaita sinadaran jiki kawai, garkuwarta kusan daidai take da ta sauran mutane. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu sankarar jini, da ta kaluluwa, da ta ɓargo da ake kira mayeloma, domin a wurinsu ciwon ya taso ne daga cikin garkuwar kanta. Sama da su kuma akwai waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, musamman a watannin farko, ko kuma idan sabon ɓargon ya juya yana yaƙar jikin da aka dasa shi a ciki har aka ƙara musu magungunan danne garkuwa. A Najeriya an fara dashen ɓargo a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, kuma mai cutar sikila aka yi wa. 'Yan ƙasar da dama kuma kan je Indiya ko Masar a yi musu su dawo gida. Duk wanda aka yi wa dashen, ko don daji ko don sikila, bayanin nan ya shafe shi.

Wasu magunguna na da tasiri na musamman. Rituximab, wanda ake bai wa masu sankarar kaluluwa, yana share nau'in limfosait da ke samar da sinadaran kariya, kuma jiki kan ɗauki wata shida ko fiye kafin ya mayar da su. Magungunan sitiroid irin su prednisolone da dexamethasone, idan aka daɗe ana sha da yawa, suna danne garkuwa, suna kuma ɓoye zazzaɓi. Mai sankarar huhu, ko wanda aka yi wa gashi da na'ura a ƙirji, huhunsa ya riga ya jigata, don haka ƙaramar cuta kan isa ta hana shi numfashi. Tsufa, da ciwon suga, da rama saboda rashin cin abinci, da cutar HIV da ba a danne ta da magani ba, duk suna ƙara nauyi a kan wannan.

Ƙwayoyin cutar da ake magana a kansu

Waɗannan ba baƙin cututtuka ba ne. Su ne dai masu yawo a kasuwa da makaranta da motar haya.

Infuluwenza, wato mura mai tsanani, nau'inta biyu ne ke addabar mutane duk shekara, A da B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama mutum kusan biliyan ɗaya a shekara, miliyan 3 zuwa 5 daga cikinsu su yi tsanani, sannan tsakanin 290,000 zuwa 650,000 su mutu ta hanyar matsalar numfashi. Takan bayyana kwana ɗaya zuwa huɗu bayan kamuwa, farat ɗaya, da zazzaɓi da ciwon jiki da busasshen tari.

RSV an fara gano shi a 1956 a jikin birai, shekara guda bayan haka aka same shi a jikin jarirai, kuma tsawon lokaci ana ɗaukarsa cutar yara ce kawai. Cibiyoyin dashen ɓargo na Amurka na daga cikin waɗanda suka sauya wannan fahimta. A farkon shekarun 1990 an ba da rahoton ɓarkewarsa a cibiyar dashen ɓargo ta birnin Siyatul, inda mafi yawan majinyatan da cutar ta kai ga huhunsu suka rasu. Adadin mace-macen ya ragu tun daga lokacin saboda saurin ganowa da ingancin kulawa, amma har yanzu RSV na cikin waɗanda likitocin sankarar jini suka fi shakka.

Farainfuluwenza iri huɗu ne, kuma na ukun ne ya fi kai wa huhu hari, ga shi da saurin yaɗuwa a ɗakunan jinya. Metanimo, ɗan uwan RSV ne na kusa, masana a ƙasar Holan suka gano shi a 2001, ko da yake bincike ya nuna ya daɗe yana yawo a tsakanin mutane kafin nan. Bairos ɗin raino, mai nau'i sama da 160, shi ne ya fi haddasa murar yau da kullum, kuma shi aka fi samu idan aka gwada majinyata. Yawanci yakan tsaya a hanci, amma a jiki mai tsananin rauni yana iya sauka ƙasa.

Adino ya bambanta da sauran. Yana iya laɓewa a jiki tun yarinta, sai garkuwa ta faɗi ya farka, ba tare da mutum ya ɗauko shi daga kowa ba. Ba ya kuma tsayawa a huhu: yana taɓa hanta da hanji da mafitsara, har a ga jini a fitsari. Yaran da aka yi wa dashen ɓargo ne ya fi yi wa illa.

Sai korona. An tabbatar da mutum na farko mai COVID-19 a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Nazarin da aka haɗa daga asibitoci daban-daban a waccan shekarar, kafin samuwar rigakafi, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na manya masu sankarar jini da suka kamu, waɗanda akasarinsu an kwantar da su, sun rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin dokar ta-ɓaci a kan cutar a watan Mayun 2023, amma ƙwayar na nan tana yawo, kuma masu raunin garkuwa na cikin waɗanda har yau take kwantarwa.

Yadda cutar ke tafiya a jiki mai rauni

Abubuwa uku ne suka raba tafiyar cutar a jikin mai raunin garkuwa da yadda take a jikin mai lafiya.

Na farko shi ne saukowa. Cutar kan fara da toshewar hanci da ƙaiƙayin maƙogwaro, bayan 'yan kwanaki ta gangara cikin ƙananan hanyoyin iska da jakunkunan huhu, inda jini ke karɓar oksijin. Idan jakunkunan suka kumbura suka cika da ruwa, sai nimoniya ta kama. Likitocin cibiyar MD Anderson da ke birnin Hustan sun tsara wani ma'auni na hasashen wanda RSV zai sauka wa huhu bayan dashen ɓargo, kuma abubuwan da suka sa a ciki sun haɗa da ƙarancin niyutirofil da limfosait, da shekaru 40 zuwa sama, da shan sitiroid, da kusancin lokacin dashen.

Na biyu shi ne daɗewa. Mai lafiya kan daina yaɗa infuluwenza cikin mako guda. Mai raunin garkuwa yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, yana fitar da ƙwayar ko da ya ji sauƙi. A 2024 likitoci a birnin Amstadam sun ba da labarin wani dattijo mai ciwon jini, wanda aka taɓa yi wa dashen ɓargo kuma ya karɓi rituximab, da korona ta zauna a jikinsa kwana 613, tana ta sauya kama. Irin wannan daɗewa na ba ƙwayar damar koyon bijire wa magani, tana kuma sa majinyacin zama hanyar kamuwar maƙwabcin gadonsa.

Na uku shi ne abin da ke biyo baya. Bairos kan kankare shimfiɗar da ke kare hanyoyin iska, sai bakteriya su samu ƙofa, musamman nau'in nimokokas da sitafilokokas. Ga wanda niyutirofil ɗinsa suka daɗe a ƙasa, fumfunar asfajilas, wadda ke cikin ƙura da ruɓaɓɓen ganye da tsohon hatsi, tana iya kama huhun. Alamar da aka saba gani ita ce majinyaci ya fara samun sauƙi, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, kaki ya sauya launi. A wasu masu dashen ɓargo kuma, bayan cutar ta wuce, ƙananan hanyoyin iska kan yi tabo su ƙuntata, numfashi ya ragu na dindindin.

Zazzaɓi, da tarkon cewa maleriya ce

A nan ne aka fi yin asarar lokaci. A Najeriya kusan duk zafin jiki sunansa maleriya ko taifot har sai an tabbatar da akasin haka, kuma matakin farko a gidaje da yawa shi ne a aika yaro kemis ya sayo farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ga mai karɓar kemo, wannan ɗabi'a na iya cin rai.

Ƙa'idar da likitocin daji ke bi a fili take. Zafin jiki da ya kai digiri 38.3 sau ɗaya, ko digiri 38 da ya tsaya tsawon awa guda, a jikin wanda ya karɓi kemo cikin makonnin baya, lamari ne na gaggawa. Ana so a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a ɗebi jini, a fara ba shi maganin kashe bakteriya ta jijiya cikin awa guda da isowarsa. Ana yin haka ko da ana zaton mura ce kawai, domin babu mai iya bambance bairos da bakteriya da ido, kuma bakteriya a jinin da ba shi da niyutirofil kan kashe mutum cikin sa'o'i. Gwajin maleriya ma za a yi. Sai dai ko ya nuna akwai ta, hakan bai kore wata cutar tare da ita ba.

Saboda haka ma'aunin zafin jiki ya zama dole a gidan duk mai karɓar kemo, kuma a auna kafin a sha farasitamol, domin maganin na sauke zafin ya ɓoye alamar. Asfirin da ibuprofen da diclofenac kuwa ba a shan su sai da izinin likita, saboda kemo kan rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, waɗannan magunguna kuma suna ƙara hatsarin zubarsa, suna kuma wahalar da ƙoda.

Rashin zazzaɓi ma ba tabbacin lafiya ba ne. Tsoho, ko mai shan sitiroid, yana iya kamuwa da nimoniya jikinsa bai yi zafi ba. Abin lura a nan shi ne haki ko saurin numfashi, da ciwon ƙirji, da kasa ƙarasa magana ba tare da tsayawa shan iska ba, da rawar ɗari, da ruɗewa ko yawan barci, da ƙin cin abinci da shan ruwa. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin na da amfani, kuma adadin da ya sauka zuwa 92 ko ƙasa na bukatar asibiti. Amma akwai abin da ya kamata a sani game da ita: binciken da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna takan ba da adadi sama da na gaskiya a kan masu baƙar fata. Idan na'urar ta ce lafiya lau, majinyaci kuma yana haki, hakin za a bi.

Gano cutar

Hanya mafi inganci ita ce gwajin PCR, inda ake shafo majina daga can cikin hanci a nemi ƙwayar halittar bairos ɗin. Akwai nau'in gwajin da ke neman ƙwayoyi goma sha wani abu a lokaci guda, amma yana da tsada, kuma an fi samunsa a manyan ɗakunan gwaji na birane. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba a asibitocin Najeriya domin tarin fuka an yi amfani da wasunsu wajen gwajin korona, kuma kamfanin na ƙera kwanson gwajin infuluwenza da RSV da ke aiki a cikinsu. Gwajin gaggawa na minti goma sha biyar yana da sauƙi, sai dai yakan kuskure cutar, don haka idan ya ce babu, ba a rufe maganar ba. Tun 2008 ƙasar ke da tsarin sa ido kan infuluwenza a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma wannan tsari na bin diddigin annoba ne, ba na kula da majinyaci ɗaya ɗaya ba.

Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya fitowa fes a farkon cutar, musamman idan fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙaranci. Hoton CT ya fi nuna ta da wuri. Kuma ko an samu bairos a hanci, likita zai ci gaba da tambayar ko shi kaɗai ne. Tarin fuka na kan gaba a jerin abin da za a duba, kasancewar Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu shi a duniya, kuma kemo da sitiroid kan tayar da wanda ya daɗe a kwance. Akwai nimoniyar fumfunar nimosistis. Akwai gudan jini da ke toshe jijiyar huhu, wanda ya yawaita ga masu daji. Akwai yaɗuwar dajin zuwa huhu. Akwai kuma kumburin huhu da maganin kansa ke jawowa, kamar bleomycin da methotrexate da sabbin magungunan zaburar da garkuwa, ko gashin ƙirji. Wannan na ƙarshen da sitiroid ake maganinsa, alhali sitiroid na iya tsananta infuluwenza, shi ya sa bambance su ke da muhimmanci.

Magani

Maganin kashe bakteriya ba ya kashe bairos. Amoxicillin ko Septrin da aka sayo a kemis ba za su taɓa mura ba. Ƙwayoyi kaɗan ne daga cikin waɗanda aka ambata ke da maganin kansu.

Infuluwenza na da oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Babban mutum kan sha miligiram 75 sau biyu a rana na kwana biyar, amma ga mai raunin garkuwa likitoci kan tsawaita zuwa kwana goma. Ya fi aiki idan aka fara cikin awa 48, sai dai a wannan rukuni ana ba da shi ko an wuce haka, kuma idan zaton ya yi ƙarfi ba a jiran sakamakon gwaji. Ana kuma iya ba da shi a matsayin kariya ga wanda ya zauna da mai cutar. Tsohon maganin amantadine ya daina aiki a kan nau'in da ke yawo yanzu.

Korona na da Paxlovid, da ake sha cikin kwana biyar na farkon alamomi, da remdesivir da ake bayarwa ta jijiya. Paxlovid na da sarƙaƙiya ga masu daji. Ɗaya daga cikin sinadaransa, ritonavir, yana hana hanta narkar da magunguna da yawa, sai su taru a jini su zama guba. Cikinsu akwai vincristine da ibrutinib da venetoclax, da tacrolimus da masu dashe ke sha. Ba magani ne da za a karɓa daga hannun ɗan uwa da ya dawo daga waje a haɗiya ba tare da likitan daji ya duba jerin abin da majinyaci ke sha ba.

Ga RSV, manyan cibiyoyi kan yi amfani da ribavirin, ta shaƙa ko ta baki, ga masu dashen ɓargo da masu sankarar jini da ke cikin babban hatsari. Ma'aikatan lafiya a Najeriya sun san wannan magani ta hanyar zazzaɓin Lassa. Hujjar amfaninsa a kan RSV ta fito ne galibi daga nazarin bayanan majinyata, ba daga manyan gwaje-gwaje ba, kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma illata ɗan tayi, don haka mai ciki ba ta shan sa. Adino idan ya bazu ana ba da cidofovir, wanda ke wahalar da ƙoda. Farainfuluwenza da metanimo da raino ba su da tabbataccen magani. A wurinsu abin yi shi ne oksijin, da ruwa, da abinci, da rage magungunan danne garkuwa idan hali ya yi, da sa ido kan bakteriya da fumfuna.

Tambayar da majinyata suka fi yi ita ce ko za a ci gaba da kemo. Hukuncin na likita ne, kuma yakan auna abu biyu: hatsarin ƙara rusa garkuwa ana tsakiyar cuta, da hatsarin bai wa daji sarari. Jinkirin mako ɗaya ko biyu sau da yawa ba ya ɓata magani. Game da dashen ɓargo kuwa, ƙa'idar ita ce a ɗage shi idan an samu irin su RSV ko infuluwenza kafin farawa. Wanda ya tara kuɗi da ƙyar, ya taso daga Yobe ko Taraba zuwa Zariya ko Abuja don zagayensa, yana iya jin kamar ya ɓoye tarinsa kada a mayar da shi gida. Ɓoyewar na jefa shi cikin hatsari, tare da duk waɗanda za su zauna kusa da shi a ɗakin ƙarin ruwa.

Allurar rigakafi

Rigakafin infuluwenza na allura, wanda ke ɗauke da mataccen bairos, ba ya haddasa cutar, kuma ana ba da shawarar masu daji su karɓe shi duk shekara. Ana sabunta shi ne saboda ƙwayar na sauyawa; Hukumar Lafiya ta Duniya kan fitar da shawarar haɗinsa sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba. Nau'in da ake fesawa a hanci yana ɗauke da rayayyen bairos da aka raunana, don haka ba a bai wa mai raunin garkuwa. Wannan rigakafi ba ya cikin jadawalin rigakafin yau da kullum na gwamnati a Najeriya, an fi samunsa a asibitoci masu zaman kansu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne aƙalla mako biyu kafin fara kemo. Idan an riga an fara, ana iya yi a tsakanin zagaye. Wanda ya karɓi rituximab da wuya jikinsa ya amsa rigakafi kafin wata shida, mai dashen ɓargo kuma yakan jira watanni sannan a sake masa rigakafinsa daga farko, domin sabon ɓargon bai san cututtukan da tsohon ya sani ba. Rigakafin korona da na nimokokas su ma suna cikin abin da ake so su samu. Rigakafin RSV na manya sabo ne, an fara amincewa da shi a Amurka da Turai a 2023.

Tunda jikin majinyaci ba lallai ya amsa rigakafin sosai ba, yi wa mutanen gidansa da ma'aikatan da ke jinyarsa na daga cikin hanyoyin kare shi.

Gida, dubiya da tafiya

Mafi yawan masu daji a gida suke kamuwa, daga hannun wanda ke ƙaunarsu. Dubiya al'ada ce mai daraja, kuma majinyacin da aka ƙaurace wa yakan karaya. Amma ɗaki mai rufaffiyar taga, cike da 'yan dubiya goma, kowa ya yi musabaha, wani na tari, wata ta ɗora jariri mai majina a kan gado, wuri ne da bairos ke so. Gyaran ba shi da wuya: mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya har ya warke, masu zuwa su shigo biyu biyu, su wanke hannu, su taƙaita zama, a buɗe taga ko a zauna a tsakar gida. A mako na biyu bayan kemo, lokacin da jini ya fi faɗuwa, ya dace a ƙara tsanantawa. Ya fi sauƙi wani babba a gidan ya ɗauki nauyin faɗa wa baƙi, domin majinyaci kan ji nauyin korar wanda ya zo gaishe shi.

Yara 'yan makaranta su ne suka fi kawo mura gida. Ba a raba uwa da 'ya'yanta, amma ana iya koya musu wanke hannu da zarar sun dawo, a raba musu kofi da cokali da tawul, wanda ke mura kuma ya kwana a wani ɗaki. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 ya fi man shafawa mai sinadarin barasa a kan adino da raino, domin waɗannan biyun ba su da rigar kitsen da sinadarin ke narkarwa. Takunkumin rufe hanci da baki na da amfani a motar haya, da layin asibiti, da taron biki ko ta'aziyya ko sallar jam'i mai cunkoso, kuma nau'in N95 ya fi na yadi kariya nesa ba kusa ba.

Hayaƙin itace da na taba da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da ƙurar hunturu, ba su ne ke kawo bairos ba, amma suna busar da hanyoyin iska su raunana su. Lokacin yaɗuwar cututtukan kuma bai tsaya ga sanyi ba: a ƙasashe masu zafi infuluwenza na iya yawo duk shekara, kuma binciken da aka daɗe ana yi a Gambiya ya nuna RSV ya fi yawa da damina.

A asibiti, mai alamun mura ya kamata a ware shi daga sauran masu karɓar kemo tun daga bakin ƙofa, ma'aikacin da ke mura kuma a ɗauke shi daga ɗakin masu sankarar jini har ya warke. Inda gadaje suka yi kaɗan, ko tazara da labule da takunkumi na rage yaɗuwa.

Aikin Hajji da Umara na tara miliyoyin mutane daga kowace nahiya, kuma tari da mura su ne rashin lafiyar da alhazai suka fi fama da ita. A Saudiyya ne kuma aka fara gano cutar MERS a 2012, wadda ake ɗauka daga raƙuma, ta kuma kashe kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Sharuɗɗan lafiya da hukumomin Saudiyya ke fitarwa a 'yan shekarun nan sun sanya masu ciwon daji da ke kan karɓar kemo cikin waɗanda ba a yarda su yi aikin Hajji ba. Wanda ya kammala magani yana son tafiya, zai fara da ganin likitansa a duba adadin jininsa, a yi masa rigakafin da ya dace makonni kafin tashi. Idan alhazan gidan suka dawo da tari, kamar yadda aka saba, majinyacin da ke gida zai jinkirta zuwa yi musu barka da sauka har sai tarin ya lafa.